Sai An Yi Ado Kafin A Ji Kuka? Fasahar Ƴan Asalin Amazoniya Da Maganar Hakki

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai karin maganar ba ta faɗa mana yadda mai waƙar zai yi ba idan aka shekara ɗari biyar ana rera waƙarsa a gabansa, ana fassara ta, ana sayar da ita, shi kuwa ba a taɓa ba shi dama ya buɗe baki ba. Halin da ƴan asalin ƙasar Barazil suka daɗe a ciki ke nan tun daga shekarar 1500, lokacin da jiragen ruwan Turawan Fotugal suka sauka a gaɓarsu. Matafiya sun ba da labarinsu, masu wa'azin Kirista sun rubuta harsunansu, gidajen tarihi na Turai kuma suka cika ɗakunansu da kibansu da hulunansu na gashin tsuntsu. A cikin shekaru arba'in ɗin nan da suka wuce ne suka karɓe waƙar da bakinsu, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da suka bi ita ce fasaha: zanen jiki, zanen takarda, hoto, silima da rubutu. Buƙatarsu biyu ce, a bar musu dajinsu, a kuma yarda cewa su mutane ne masu hakki.

Wannan al'amari ya haifar da wata tambaya da ta wuce Barazil, ta shafi duk wanda ke tunani a kan adalci. Shin daidai ne a ce sai al'umma ta nuna kyan abin da hannunta ya ƙera kafin a saurari kukanta? Idan kuwa fasaha ce ta buɗe kunnen duniya, me ta samo wa masu ita, kuma me ta ci musu?

Abin da ke cikin hatsari

Kafin mu shiga gardama, ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai. Kurmin Amazoniya shi ne mafi girman daji mai yawan ruwan sama a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 nasa yana cikin Barazil. Ƙidayar da aka yi a ƙasar a 2022 ta nuna cewa ƴan asali sun kai kimanin mutum miliyan 1.7, wato ba su cika kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, amma filayen da doka ta keɓe musu sun kusa kashi 14 cikin 100 na faɗin ƙasar. Daga nan rigimar take tasowa. Masu kiwon shanu, masu noman waken suya, masu yankan katako da masu haƙar zinariya suna ganin fili ya yi wa mutane kaɗan yawa.

Hotunan tauraron ɗan'adam sun ba da wata amsa. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Barazil ta ƙidaya cewa a 2004 an sare daji mai faɗin kilomita murabba'i sama da 27,000 a Amazoniyar ƙasar. Adadin ya sauko zuwa kimanin 4,600 a 2012, ya sake hawa zuwa kimanin 13,000 a 2021, sannan ya koma kimanin 6,300 a 2024. Idan aka dubi taswirar wannan ɓarna, za a ga filayen ƴan asali sun fito kamar tsibirai kore a tsakiyar ƙasar da aka aske. A cikin shekaru talatin, abin da suka rasa na itatuwa bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba, alhali filayen da ke hannun masu zaman kansu sun rasa kusan kashi 20. Saboda haka maganar hakkin mutanen da maganar rayuwar dajin igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Mu ma nan ba baƙi ba ne ga wannan daji, ko da ba mu taɓa ganinsa ba. Ƙurar da hunturu ke kwasowa daga Sahara, wadda muke kira hazo idan ta rufe mana rana a Damagaram ko Tawa, wani ɓangarenta yana ƙetare tekun Atlantika. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa fiye da tan miliyan 27 na wannan ƙura ke sauka a yankin Amazoniya kowace shekara, tana kai masa sinadarin da ke ciyar da itace. Hamadarmu tana yi wa kurminsu taki.

Ayyuka uku na fasaha

Aiki na farko da fasaha ta yi wa waɗannan al'ummu shi ne zama shaida. A ranar 4 ga watan Satumba na 1987, wani matashi mai suna Ailton Krenak ya hau mumbarin majalisar da ke rubuta sabon kundin tsarin mulkin Barazil, sanye da farar kwat irin ta manyan ma'aikata. Yana cikin jawabi, sai ya riƙa ɗibar baƙin rini na ɗan itacen jenipapo, mai kama da katambirin da matanmu ke kwalliya da shi, yana shafawa a fuskarsa har ta yi baƙi ƙirin, alamar makoki da gwagwarmaya. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. A lokacin, dokar ƙasar tana ɗaukar ɗan asali tamkar yaron da bai mallaki hankalin kansa ba, wanda sai hukuma ta tsaya masa. Kundin da aka zartar a 1988 ya sauya wannan. Sashe na 231 ya amince cewa hakkinsu a kan ƙasar da suka gada ya riga kafuwar gwamnatin kanta, sashe na 232 kuma ya ba su ikon shigar da ƙara da kansu. Babu mai cewa baƙin rini kaɗai ya jawo haka, domin an yi shekaru ana shiri, shugabannin ƙabilu da dama kuma sun cika harabar majalisar. Amma hoton wannan fuska ya isa inda takardun koke ba su isa ba. Gani ya kori ji.

Aiki na biyu shi ne fassara. Ga injiniya, daji katako ne da ma'adinai da ƙarfin ruwa. Ga Yanomami, waɗanda ke zaune a iyakar Barazil da Benezuwela, kalmar urihi tana nufin daji da ƙasa a lokaci guda, kuma abu ne mai rai, cike da halittun ɓoye da suke kira shapiri, waɗanda bokayensu ke kira don warkar da marar lafiya da riƙe daidaiton duniya. Ta yaya za a bayyana wa baƙo irin wannan fahimta? A 1974 wata mai ɗaukar hoto, Claudia Andujar, ta kai musu takarda da alƙaluma masu launi, suka fara zana abin da kyamara ba ta iya kamawa. Daga baya masu zane irin su Joseca Yanomami suka ci gaba, har aka baje ayyukansu a Faris a 2003. A 2010 kuma jagoransu Davi Kopenawa ya fitar da littafi cikin Faransanci tare da masani Bruce Albert, mai suna La chute du ciel, wato faɗuwar sama, inda ya juya madubi ya bayyana yadda su suke ganin Turawa da ƙishirwarsu ta tara kaya. Ba dole ne mai karatu ya yi imani da shapiri ba, kamar yadda mu Musulmi ba mu yi ba. Abin da zanen ya tilasta wa mai kallo ya yarda da shi shi ne cewa wurin nan da ake kira fili marar kowa yana da masu shi, waɗanda suka san shi bishiya bayan bishiya, suka raɗa wa kowane rafi suna. Binciken ƙasa ma ya goyi bayansu, domin an gano baƙar ƙasa mai albarka a wurare da dama na Amazoniya, wadda kakanninsu suka samar da gawayi da shara da fasassun tukwane shekaru aru-aru da suka wuce.

Aiki na uku ya fi sauran bayyana, shi ne neman abin hannu. Wasu masu zane na ƙabilar Huni Kuin da ke jihar Akre sun kafa ƙungiya mai suna MAHKU, suna mai da waƙoƙin gargajiyarsu zane-zane masu launi, kuma manufarsu a fili take: su sayar da zane su sayi ƙasa. Sun kuwa sayi fili da kuɗin zanen, suka bar shi daji. A 2024 su ne suka zane gaban babban zauren bikin baje fasaha na birnin Benis a Italiya, wanda yake cikin mafi girma a duniya.

Masu cewa wannan ba fasaha ba ce

Akwai tsohuwar gardama da duk wanda ya zauna ajin adabin Faransanci a lise ya sani. Théophile Gautier da mabiyansa a ƙarni na 19 sun tafi a kan cewa fasaha don kanta ake yin ta, kuma da zarar ta zama mai yi wa wata manufa hidima, to ta zubar da darajarta. A bisa wannan ra'ayi, zanen da aka yi don kare daji takardar koke ce da aka shafa wa launi.

Akwai ƙwayar gaskiya a cikin wannan magana. Kowa ya san waƙar da aka tsara don faranta wa mai mulki ko tallata wani shiri, wadda takan mutu ranar da shirin ya ƙare. Manufa mai kyau ba ta mai da mummunan zane ya zama kyakkyawa. Amma ra'ayin ya ginu ne a kan rabuwar da Turai ta yi tsakanin abin kallo da abin amfani, rabuwar da yawancin al'ummun duniya ba su san ta ba. Mu kanmu ba mu taɓa jin an ce kiɗan noma ya rage daraja don yana ƙara wa manomi ƙarfi a gayya ba, ko kuwa zanen da ke jikin soron Birni a Damagaram ya daina zama ado don yana sanar da matsayin mai gidan. Haka zanen jikin Kayapo yake, yana nuna shekarun mutum da halin da yake ciki, ko makoki ko murna. Tun asali magana ce da ake yi da fata. Idan yau an juya maganar zuwa ga majalisa da kotu, mai sauraro ne ya sauya, harshen yana nan yadda yake.

Jaider Esbell, ɗan ƙabilar Makushi daga jihar Roraima, wanda ya rasu a 2021, ya ba da amsa da aikinsa. Ya ɗauki wani ƙaton littafin tarihin fasahar Turai, ya bi shafukansa yana zane da rubutu a kan hotunan da ke ciki, ya kira aikin wasiƙa zuwa ga tsohuwar duniya. Wanda ya ga aikin zai gane cewa mai shi ya san al'adar da yake yi wa raddi ciki da waje, kuma yana tambayar wane ne ya ba wasu ikon yanke hukunci a kan abin da ya cancanci sunan fasaha.

Tarkon kallo

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma daga bakin ƴan asalin kansu take fitowa. Kallo daban, girmamawa daban. A 1550, lokacin da sarkin Faransa Henri na biyu ya ziyarci birnin Ruwan, an gina masa ƙauyen Barazil na wasa a bakin kogi, aka zuba mutane kusan 300 tsirara suna kwaikwayon farauta da yaƙi. Kimanin 50 daga cikinsu ƴan asalin Barazil ne na gaske, sauran matuƙan jirgi ne da aka shafa wa launi. Sarki ya ji daɗi, fadawa sun yi tafi, kuma wannan bai hana a ci gaba da ƙwace ƙasar mutanen ba. Shekaru 12 bayan haka, a wannan birni dai, Montaigne ya gana da wasu mutum uku daga cikinsu, kuma abin da ya bambanta shi da fadawan shi ne ya rubuta abin da su suka ce sun gani a Faransa. Suka nuna mamakinsu da yadda wasu ke ƙoshe har wuya, wasu kuma na bara a ƙofarsu. Mu ƴan Afirka mun san irin wannan kallo, domin a bikin baje kolin mulkin mallaka na Faris a 1931 an kai mutanenmu su yi saƙa da ƙira da rawa a gaban miliyoyin ƴan kallo, alhali a gida ana kama ƴan'uwansu aikin tilas.

Tarkon yana aiki kamar haka. Duniya tana son ɗan asali matuƙar yana sanye da gashin tsuntsu. Ranar da ya sa wando, ya riƙe salula, ya shiga jami'a, sai a ce ai wannan ya daina zama ɗan asali, don haka me zai yi da fili? An sha jin irin wannan magana daga bakin ƴan siyasar Barazil. Ke nan adon da ya buɗe masa ƙofa ya zama sharaɗin da aka gindaya masa, kuma hakkin da aka rataya a kan ado, ranar da aka tuɓe adon zai faɗi. Wanda ya ga yadda hotunan samarin Woɗaaɓe a gerewol suka cika littattafan yawon buɗe ido, alhali makiyaya da burtalin shanunsu na ƙara ƙuntata, zai fahimci abin da ake nufi ba tare da dogon bayani ba.

Labarin wata alkyabba ya nuna fuska biyu na wannan al'amari. Ƙabilar Tupinamba ta gaɓar teku tana ɗinka alkyabba da jajayen gashin tsuntsu, kuma ƴan ƙalilan da suka rage daga na dā duk a gidajen tarihin Turai suka ƙare. An daɗe ana koyar da cewa ƙabilar ta shuɗe. A shekarar 2000 aka aro ɗaya daga ƙasar Danmak aka nuna ta a Sawo Paulo, sai wata dattijuwa daga Tupinamba na jihar Bahiya ta je ta gan ta, ta ce ta kakanninsu ce, a mayar musu. A 2001 hukuma ta amince cewa ƙabilar tana nan da ranta. Glicéria Tupinambá ta sake koyon ɗinkin da ya ɓace, ta farfaɗo da shi. A watan Yulin 2024 alkyabbar da ta shafe fiye da shekaru 300 a Kofanhagan ta dawo Barazil. Sai dai a ranar da ta sauka, ba a kammala shata iyakar ƙasar masu ita ba, duk da cewa tun 2009 aka tantance ta a takarda. Mayar da riga ya fi mayar da gona sauƙi.

Shin tana hana ɓarna?

A watan Fabrairu na 1989, a garin Altamira, ɗaruruwan Kayapo da wasu ƙabilu sun taru cikin ado da zanen jiki don ƙin amincewa da madatsun ruwan da ake shirin ginawa a kogin Shingu. Suna ɗaukar taron da kyamarorin bidiyo na kansu. A nan ne wata mata mai suna Tuíre ta miƙe ta ɗora gefen addarta a kumatun wani babban jami'in kamfanin lantarki. Hoton ya zagaya duniya, aka jingine aikin. A wannan shekara ce kuma sarkinsu Raoni ya zagaya ƙasashe tare da mawaƙin Ingila Sting. Amma bayan shekaru aka sake fito da shirin da sabon suna, Belo Monte, aka fara samar da lantarki a 2016, aka kammala a 2019. An karkatar da mafi yawan ruwan wani dogon lanƙwasa na kogin, kifi ya ragu, masuntan Juruna suka rasa abincinsu. Tuíre ta rasu a 2024 madatsar tana tsaye.

Na Yanomami ma haka yake, daɗi da ɗaci. Hanyar mota da gwamnatin soja ta fara yankawa cikin ƙasarsu a 1973 ta kawo musu ƙyanda da mura, ƙauyuka suka mutu. A ƙarshen shekarun 1980 masu haƙar zinariya kusan 40,000 suka kwararo, suka kawo zazzaɓin cizon sauro, suka zuba zaiba a koguna. Mu da muka ga abin da zinariyar Jado ta jawo tun daga 2014 mun san yadda wannan zazzaɓi ke kama mutane. Hotunan Andujar da tafiye-tafiyen Kopenawa sun taimaka ƙwarai har aka tabbatar musu da ƙasa mai faɗin kilomita murabba'i sama da 96,000 a 1992. Shekara guda bayan haka, masu haƙar zinariya suka kashe mutum 16 a Hashimu, kisan da kotun ƙolin Barazil ta tabbatar a 2006 cewa na ƙare dangi ne. A watan Janairun 2023 kuma sai da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya a yankin, saboda yunwa da cuta da ke kashe yara, bayan dubban mahaƙa sun sake mamaye shi.

Me za mu koya daga nan? Fasaha tana iya sayo lokaci, tana iya sa mai ɓarna ya ji kunya, tana iya sauya abin da doka ta rubuta. Amma zane ba ya tsare bakin kogi da dare. Wannan aikin hukuma ne, da alƙali, da ma'aikacin lafiya, da kasafin kuɗi. Shekarun da sarar daji ta ragu su ne shekarun da aka tura jami'ai, aka ci tara, aka hana masu laifi bashin banki. Wanda ya ɗora wa mai zane nauyin da ke kan gwamnati ya zalunce shi sau biyu.

Farashin da aka biya

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. A al'adar Yanomami, idan mutum ya rasu akan kawar da duk abin da ya bari, ba a kuma ambaton sunansa, domin kada wani abu nasa ya saura a duniya ya hana shi tafiya, ya kuma riƙa tayar wa danginsa baƙin ciki. Hoto kuwa ɓangare ne na mutum a wurinsu. Duk da haka shugabanninsu sun amince hotunan mutanensu, har da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, su rataya a bangon Faris da sauran birane, saboda sun auna sun ga cewa idan duniya ba ta gan su ba, za a shafe su ba wanda ya sani. Wato sai da suka taɓa wani abu mai tsarki a wurinsu kafin su tsira da sauran. Wanda ya tsaya gaban irin wannan hoto ya ce kai, ya yi kyau, sannan ya wuce, ya karɓi amana bai sani ba.

Wasu kuma da ransu suka biya. Paulo Paulino Guajajara, ɗaya daga cikin matasan da ke sintirin kare dajin ƙabilarsu daga ɓarayin katako, an harbe shi a watan Nuwamban 2019. Ba shi da zane a wani zaure, kuma hakkinsa bai gaza na kowa ba.

Inda hakki yake fitowa

A nan ne nake ganin amsar tambayar da muka fara da ita. Hakkin mutum a kan ransa da gidansa da ƙasar kakanninsa ba lada ba ne da ake ba shi don ya iya zane, ko don ya iya tsaron itatuwa. A kwarin Jabari da ke yammacin Amazoniya akwai ƙungiyoyin mutane da suka zaɓi su nisanci kowa, ba su da mai zane a Benis, ba su da littafi, ba mu ma san sunan da suke kiran kansu ba. Idan kyau ne ma'auni, to su ba su da komi. Idan amfani ne ma'auni, wato muna kare su ne don suna kare mana iska, to ranar da aka ƙirƙiro wata dabara da ta fi su arha, sai a sallame su. Duk ma'aunin biyu sun mai da mutum kayan aiki. Abin da ya rage shi ne mu ce an girmama ɗan Adam don shi ɗan Adam ne, kuma wanda aka tarar a wuri yana da hakkin da baƙo ba shi da ikon sokewa.

To, idan haka ne, ina amfanin fasahar? Amfaninta yana wajen mai kallo. Hakkin yana nan tun farko, idon da zai gan shi ne ya makance, saboda nisa, da son zuciya, da abin da aka koya mana a lakwal cewa wasu mutane suna gaba wasu suna baya a kan hanya ɗaya. Fasaha magani ce ga wannan makanta. Shi ya sa kunyar ba ta kan wanda ya shafa rini a fuska don a saurare shi, tana kan majalisar da ba ta iya jin magana sai an yi mata haka. Kuma alamar cewa maganin ya yi aiki ita ce mai kallo ya kai matsayin da zai tsaya wa wanda ba shi da ado kamar yadda ya tsaya wa mai ado.

An samu ci gaba, ba a musu. A 2023 Barazil ta kafa ma'aikatar ƴan asali a karon farko, aka naɗa Sônia Guajajara minista. A wannan shekara kotun ƙoli ta yi watsi da ra'ayin da ke cewa ƙabila ba ta da hakki sai a kan filin da take zaune a kai ranar 5 ga Oktoban 1988, ra'ayin da ke hukunta wanda aka kora saboda an kore shi. Amma kafin shekarar ta ƙare majalisar dokoki ta mai da wannan ra'ayi doka. A 2024 Ailton Krenak ya zama ɗan asali na farko da ya shiga majalisar marubutan Barazil. Kundin 1988 kuwa ya ba gwamnati shekaru biyar ta gama shata dukkan filayen, wa'adin ya cika a 1993 ba a gama ba. Kyan alkawari cikawa.

Darasin da ke ciki ga malami da ɗalibi da duk mai sha'awar al'ada shi ne a koyi yin tambaya a gaban kowane abu mai kyau. Wa ya yi shi? Da yardarsa aka kawo shi nan? Kuɗin wa ya shiga? Kuma wane hali mutanensa suke ciki a yau? Wannan tambaya ta hau kan zanen Huni Kuin, ta hau kan gicciyen Agadas da ake sayarwa a shagunan Turai, ta hau kan tabarma da faifan da muke taya wa tsohuwa a kasuwar ƙauye da rabin kuɗinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan ya zana mana wurin da kyakkyawan launi, ba don mu yaba launin kaɗai ya yi ba. Allah ya ba mu idon da ke ganin mutum kafin adonsa.